Darasin kiwon lafiya: ƴan aiken da ke cikin jinin mace

A farkon damana, sa'ad da rumbu ya kusa ƙarewa kuma noma ya taso, akan ji wata irin magana a bakin rijiya. Wata ta ce wata uku ke nan ba ta ga haila ba, ga shi kuwa ba ciki gare ta ba. Wata ta ɗaga mayafi, ta nuna ƙullutun da ya fito mata a wuya tun cikinta na biyu. Tsofaffi su ce iska ce, ko kuwa sammu. A kai kaza wurin boka, a dawo da saiwa da turare, abin kuma yana nan yadda yake.

Matan nan biyu ba ciwo ɗaya ke damun su ba. Amma dukansu abin ya soma ne daga ƙwaryar abinci. Domin a gane haka, sai an san wani aiki da ke gudana cikin jiki dare da rana ba a ganin shi.

Sarki da masu gari

Idan sarki yana son a yi wani aiki a ƙauye, ba ya zuwa da kansa. Ɗan aike yake turawa wurin mai gari. Mai gari kuma ya mayar da labari: an yi, ko ba a yi ba, ga dalili. Haka jikin mutum yake. Akwai wasu sinadarai da ke bin jini suna kai saƙo daga wannan gaɓa zuwa waccan. Likitoci na ce musu ormon. A wannan darasi za a kira su ƴan aike.

Sarkinsu wata ƴar tsoka ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. Masu garin kuwa suna warwatse. Akwai tsokar wuya, a gaban maƙogwaro, mai siffar malam buɗe littafi. Akwai wasu biyu a bisa ƙoda. Akwai ɗaya a bayan tumbi mai kula da sukarin jini. Mace kuma tana da gidajen ƙwai biyu, ɗaya a daman mahaifa ɗaya a hagu, kowane kamar ɗan dabino.

Gidajen ƙwan nan suna fitar da ƴan aike biyu. Na farko sunansa estrojen, shi ne mai shimfiɗa: bayan haila ta ɗauke, yakan sa mahaifa ta yi sabuwar shimfiɗa mai laushi. Daga nan ƙwai ɗaya ya nuna ya fito. Sai na biyu ya karɓi aiki, sunansa projesteron, shi ne mai tsaro: yana riƙe shimfiɗar ko baƙo zai zo. In ciki bai shiga ba, bayan kamar kwana 14 mai tsaro ya janye, shimfiɗar ta zubo tare da jini. Ita ce haila. Daga ranar farko ta wannan haila zuwa ranar farko ta mai zuwa, yawancin mata na yin kwana 21 zuwa 35. Jinin yakan yi kwana 2 zuwa 7, kuma duka-duka ba ya cika wuce ƙaramin kofin shayi.

Shekarar yunwa ba a yawan biki

Kowa ya san cewa shekarar da hatsi bai yi ba, ana ɗage aure zuwa baɗi. Sarkin ƴan aike shi ma yana duba rumbu. Rumbun jiki shi ne kitse da tsoka. Mace da ta tashi tun asuba, ta yi surfe da daka, ta ɗebo ruwa, ta yi gandu, ta wuce gamanarta, ta dawo da itace a ka, sa'an nan ta sha fura tsararo, tana kashe abin da ya fi wanda take samu. In haka ta daɗe, ta rame, sai sarki ya tsai da saƙon da ke nunar da ƙwai. Haila ta yi nisa, ko ta ɗauke ɗungum. Jiki ne ya ga ba zai iya ciyar da mutum biyu ba.

A lura da abu biyu a nan. Duk macen da ke da miji, in haila ta ɗauke, a fara tunanin ciki, a je awo. Kuma rama ba kariya ba ce. Mata da yawa na ɗaukar ciki cikin rama, su kuwa suka fi shan wuya.

Maganin ba a kanti yake ba. Hatsi kaɗai ba ya isa. A zuba wake cikin tukunya, a sa ƙuliƙuli ko tunkuza a miya, a dama fura da nono in akwai. A gidaje da yawa maigida ke fara ci, sai yara, uwa ta ƙarshe, ta kankare tukunya. Wannan al'ada ana ganin ta kamar kara ce, amma asara ce ga gidan baki ɗaya, don ita ce mai ɗauke da ciki, ita ce mai ba da nono. Sauƙaƙa aiki shi ma abinci ne. Maigidan da ya ɗaura amalanke ya ɗebo ruwa, ko ya biya kuɗin injin niƙa a watannin noma, ya ƙara wa matarsa abin da ya kai kwanon tuwo.

Yarinya da ta taso cikin ƙarancin abinci takan makara wajen fara haila. Ko ta fara, ƙashin ƙugunta bai gama faɗi ba, sai bayan wasu shekaru. Ganin jini ba ya nufin jiki ya shirya haihuwa. Doguwar naƙuda da yoyon fitsari sukan biyo bayan wannan kuskure.

Maƙoƙo da gishiri

Tsokar wuya ita ce mai hura wutar jiki. Ɗan aikenta ne ke faɗa wa zuciya saurin da za ta yi, ya faɗa wa jiki zafin da zai riƙe. Amma ba ta iya ƙera shi sai da wani sinadari da ake kira iyod, a Najeriya kuma aidin. Abin da ake bukata kaɗan ne ƙwarai. In aka raba giram ɗaya kashi miliyan, babban mutum na bukatar kashi 150 a yini, mai ciki da mai shayarwa kuma 250. Abin da mutum zai ci tun haihuwa har tsufa bai cika ƙaramin cokali ba. Sai dai jiki ba ya yin shi da kansa, kuma ba ya ajiye na shekaru.

Iyod ya fi yawa a teku, cikin kifinsa da ganyensa. Nijar kuwa ba ta da teku, kuma a wurare da yawa ƙasar noma ba ta da isasshen iyod. Abin da ƙasa ba ta da shi, hatsi ba zai samu ba. In tsokar wuya ta rasa iyod, sarki yakan yi ta aiko mata saƙo: ƙara aiki, ƙara aiki. Ita kuma ta yi ta kumbura don ta kamo ɗan abin da ke cikin jini. Kumburin nan shi ne maƙoƙo. Ya fi kama mata, musamman lokacin balaga da lokacin ciki, don a lokutan ne bukata ke ƙaruwa.

Akwai kuma abincin da ke ƙara tsananta abin. Bincike a Darfur ta ƙasar Sudan ya nuna cewa hatsi na ɗauke da wani abu da ke rage wa tsokar wuya ƙarfi, inda iyod ya riga ya yi ƙaranci. Rogon da ba a jiƙa shi sosai ba shi ma haka. Wannan ba dalilin barin hatsi ba ne, wa zai iya? Dalili ne na neman iyod fiye da mutanen bakin teku.

Ƙullutun wuya shi ne abin da ido ke gani, amma ba shi ne babbar ɓarna ba. Macen da tsokar wuyanta ta gaza takan ji kasala kullum, tana jin sanyi sa'ad da kowa ke gumi, fatarta ta bushe, bayan gida ya yi wuya, haila ta rikice ko ta yi yawa. Ciki yakan zube, ko a haifi ɗa ba rai. Mafi muni, ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki da ɗan aiken uwarsa take ginuwa a watannin farko. In ya rasa, yana iya fitowa kurma, ko gajere mai raunin hankali. Wasu kuma ba a ganin kome a jikinsu, sai an sa su lakwal a ga karatu ba ya shiga. Abin da aka rasa a ciki ba ya dawowa duka.

A shekara ta 1994 an duba wuyan ƴan makaranta a faɗin Nijar, aka tarar fiye da yaro ɗaya cikin uku na da maƙoƙo, babba ko ƙarami. A 1995 gwamnati ta kafa doka cewa gishirin ci sai mai iyod. Amma doka ba ta shiga tukunya da kanta. Gishirin gargajiya, irin na Bilma ko na Foga, yana da daɗinsa, sai dai ba zai biya bukatar iyod ba in ba a haɗa masa ba. A nemi wanda aka rubuta a jikin ledarsa ko buhunsa cewa yana da iyod. Ga amfanin karatu nan. Ma'aikatan lafiya suna da wani ruwan gwaji, in an ɗiga shi kan gishiri mai iyod sai ya koma shuɗi.

Iyod kuma mai gudu ne. Rana da danshi da zafi suna korar shi. Gishirin da ya kwana ya wuni a buɗe kan tabarmar kasuwa ya riga ya yi asara. A zuba shi cikin gwangwani ko kwalba mai murfi, nesa da murhu. Kada a wanke shi, don ruwan zai tafi da abin da aka saya. A sa shi a miya in ta kusa sauka. Ba a ce a ƙara yawan gishiri ba: ƙaramin cokali ɗaya a yini ya ishi babban mutum, fiye da haka yana kawo hawan jini. Ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, suna iya haɗa kuɗi su sayi buhu mai kyau su raba.

Ƙaramin maƙoƙo sabon fitowa yana iya komawa. Babba da ya shekara da shekaru ba ya jin gishiri, sai likita, musamman in ya soma tare numfashi ko haɗiya. Akwai kuma wadda tsokar wuyanta ke aiki fiye da kima: tana ci tana ramewa, zuciya na bugawa da sauri, hannu na rawa, idanu sun firfito. Ita ma asibiti ce maganinta.

Jinin da ke fita sai an mayar

Kowace haila, kowace haihuwa, mace na asarar jini, jini kuwa da sinadarin ƙarfe ake gina shi. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna cewa mata 46 cikin 100 a Nijar na da ƙarancin jini. Alamarsa jiri, haki, da farin cikin ido da tafin hannu. Hanta da nama da kifi da fara su ne kan gaba wajen mayar da shi. Sai wake, daddawa, zogale, rama, yakuwa da kuka. Ƙarfen ganye ba ya shiga jini da sauƙi, sai an taimake shi da ɗan tsami, kamar lemun tsami, tumatir ko gwaba. Shayi mai ƙarfi kuwa yana tare shi, don haka a bar tazarar sa'a ɗaya ko biyu tsakanin tuwo da shayi. Ƙwai ba ya cutar da mai ciki ko ɗanta, duk abin da ake faɗi. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wajen awon ciki a sha su kullum. Bayan gida yakan yi baƙi, ba abin tsoro ba ne.

Jego da nono

Da an haihu, wasu ƴan aike biyu ke kama aiki, bakin jariri ne kuma ke tashe su. Ɗaya na sa nono ya taru. Ɗaya na matso shi, kuma yana matse mahaifa ta tsai da jini. Shi ya sa ake cewa a sa jariri a nono cikin sa'ar farko. Ciwon marar da mai jego ke ji in ɗa na tsotso, mahaifa ce ke komawa. Dakashi, wato nonon farko mai kauri, ba ƙazanta ba ne. Shi ne rigakafin farko, bai kamata a tatse shi a zubar ba.

Ɗan aiken da ke tara nono yana kuma hana ƙwai nuna. Saboda haka shayarwa kan hana ciki, amma da sharaɗi uku, kuma sai sun haɗu duka: ɗa bai cika wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana ba ruwa ba kunu, kuma haila ba ta dawo ba. In ɗaya ya faɗi, kariya ta faɗi. A nan ne mata da yawa ke yin rurrutsa, su ce ai suna shayarwa. Shawarar likitoci ita ce a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki. Ƙwayoyi da allurar tazarar haihuwa su ma ƴan aike ne da aka ƙera. Allurar wata uku takan sa haila ta ragu ko ta ɗauke. Ba jini ne ke taruwa a mara ba, shimfiɗar ce ba ta yi kauri ba.

Akwai wata larura da ya kamata ungozoma ta sani. In mace ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa, sarkin ƴan aike kansa yana iya lalacewa. Nono ya ƙi zuwa, haila ta ƙi dawowa ko an yi shekara, gashin hammata ya zube, ga kasala da jin sanyi. Akan ce jego ne bai karɓe ta ba. A kai ta babban asibiti, akwai maganin da ke maye gurbin abin da ya ɓace. Kunun kanwa mai yawa da wankan ruwa mai tsananin zafi kuwa, tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta su da ciwon zuciyar masu jego. Mai jego da ƙafafunta suka kumbura, tana haki in ta kwanta, kada a jira arba'in.

Ƙibar da aka saya

A birni matsalar takan juya. Aikin ƙarfi ya ragu, ga shinkafa da taliya da mai, ga shayi zagaye uku da sukari, ga lemun kwalba. Ɗan aiken da ke kwashe sukari daga jini, wato insulin, sai ya yi yawa. Yawansa na rikita gidajen ƙwai. Kusan mace ɗaya cikin goma na da wannan hali: haila sai bayan wata biyu ko uku, ƙuraje a fuska, gashi a haɓa, ciki ya yi jinkirin zuwa. Ba duka masu shi ke da ƙiba ba, amma ga mai ƙiba ragi kaɗan yana aiki. Mai kilo 80 in ta rage 4 zuwa 8, sau da yawa haila na daidaita. Tafiyar ƙafa rabin sa'a kullum, da mayar da tuwon hatsi da wake da ganye gurbinsu, sun fi tsimi da yawa da ake tallar su. In haihuwa ta yi jinkiri shekara guda, miji da mata su je tare. Ba kullum daga wajen mace matsalar take ba.

Abin da ya fi haɗari shi ne ƙwayoyin ƙiba da ake saya wurin masu yawo da magani a kasuwa, musamman in biki ya matso. Da yawansu irin wanda ake kira deksa ne, kwaikwayon ɗan aiken da ke fitowa daga bisa ƙoda. Fuska ta yi faɗi, ciki da doron wuya su cika, mutane su ce amarya ta yi kyau. Amma hannu da ƙafa suna sirancewa, ƙashi na rauni, haila na rikicewa, ciwon sukari da hawan jini na shigowa. Mayukan sa fari da yawa suna da irin wannan sinadari, kuma yana ratsa fata ya shiga jini. Wadda ta daɗe tana shan ƙwayar kada ta bari rana ɗaya, don jikinta ya daina yin nasa, tana iya faɗuwa. Ta faɗa wa likita gaskiya, ya rage mata sannu a hankali.

Wannan ɗan aike na bisa ƙoda shi ne kuma ke tashi in mutum na cikin fargaba ko rashin barci. Rasuwa, rikicin gida, ko gudun hijira suna iya jinkirta haila na ɗan lokaci.

Bayan haila ta tafi

Tsakanin shekara 45 da 55 gidajen ƙwai ke yin murabus. Zafi ya taso daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa zane da dare, barci ya gudu, rai ya yi saurin ɓaci. Ba ciwo ba ne, kuma yakan lafa. Sai dai mai shimfiɗa shi ne ke tsare ƙashi da, yanzu ya tafi. Nono, cuku, miyar kuka, zogale da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu suna taimakon ƙashi, haka ma motsa jiki. Amma macen da ta shekara ba haila, sa'an nan ta ga jini, ko ɗigo ne, ba ƙuruciya ce ta dawo ba. Ta tafi likita cikin makon.

Tambayar farko da ungozomar likita ke yi ita ce: yaushe kika ga haila ta ƙarshe? Yawancin mata sai su ce wajen Sallah, ko kafin shuka. Wadda ke zuwa ajin yaƙi da jahilci ta ware shafi ɗaya a bayan littafinta, ta riƙa rubuta ranar da jini ya fara da ranar da ya ɗauke. Misali, in ya fara ran 3 ga wata, na gaba ya fara ran 31, tsakaninsu kwana 28 ke nan. Ta tafi da littafin in za ta awo. Wadda ba ta kai ga rubutu ba tukuna ta sami ƴar ƙwarya, ta riƙa jefa tsakuwa ɗaya kowace safiya. Ran da jini ya zo ta ƙirga, ta zubar, ta soma sabo.